Munduwata da Kan Rishon Bariki

Jikana ne ya tono mini wannan zance, shi da firigonsa, akwatin sanyaya ruwan nan. Ya faɗo mini ɗaki yana huci, ya jefa wani ƙonannen ƙarfe a kan tabarmata, wai in ga abin da mai gyara ya cire, ya kuma yanke masa kuɗi kamar ya sayi sabo. Na ce, "Kai angon banza, ba sallama, ba goro, sai ƙarfe? Tauna shi zan yi?" Ya ce, "Kaka, ki bar wasa. Wai daga Kano ake kawo kayan, wai wani ya riga ya taɓa shi ya ɓata, wai na matsa masa da gaggawa. Ƙarya dai kala-kala." Na ɗauki abin na juya. Na ce, "Shi ya miƙo maka wannan, ko kai ka tambaya?" Ya ce ai haka ake yi, kowane mai gyara yana mayar wa mutum da mataccen kayansa. Na ajiye ƙarfen. Yaron nan bai san akwai zamanin da ba haka ake yi ba.

Lokacin da aka kawo ni Zango daga Dakusa, Nasara sun riga sun zauna a kan duwatsu, amma gari bai gama sabawa da su ba. Da safe ba ƙarar mobilet, ɗan babur ɗin nan, ke tashe ka ba. Kukan raƙuman ayari ne ana ɗora musu kaya, da guga tana bugun bakin rijiya, da luguden mata gida-gida, sai can daga bariki busar ƙahon soji, wadda in ta tashi uwar mijina, Inna, takan tofar da yawu ta ce Allah ya raba mu. Ruwan sanyi kuwa randa ce ke ba mu, ba ta neman lantarki, ba ta gurnani. A cikin duk wannan hayaniya akwai ƙarar da kunnena ya fi sani, ta ƴar gudumar maigidana a zaure. Maƙerin fari ne, mai aikin tagulla da dalma. Tasa in ta huje, buta in bakinta ya cire, fitila in tana yoyo, kwaɗon ƙofa in ya cije, duk wurinsa ake kawowa. Ina daka a cikin gida, daga sautin gudumar kaɗai nakan san ko aiki yana tafiya ko ya ƙi.

Ba ya faɗin kuɗin gyara sai ya juya abu, ya ƙwanƙwasa, ya saurara. Tambayarsa ta fari kullum ɗaya ce: "Wa ya taɓa shi kafin ni?" In ka ce ɗanka ya ɗan gwada da ƙusa, to ka ƙara wa kanka, don sai ya gyara ɓarnar ɗan naka kafin ya kai ga ciwon asali. In damina ce gawayi ya jiƙe, gyara ya yi tsada. In fatake sun makara da sinadarin liƙi daga Kano, ya yi tsada. In ka zo kana rawar ƙafa wai biki gobe, ka biya rawar ƙafarka, don na wani za a ture a yi naka. In kuwa tsohuwa ce ta zo da butar alwala, sai ya ce ta kawo abin da ya sawwaƙa, ko ƙoƙon gero ne. To ka ji, duk abin da jikana yake kira ƙarya, kakansa ma da shi ya ci abinci. Amma akwai abu guda da ke sauƙaƙa gyara a wancan zamani, wanda yau babu shi. Duk abin da aka cire, guntun tagulla ne, karyayyen hannun buta ne, na mai gyara ne. Ba a tambaya, ba a faɗa, kamar yadda dusa take ta mai surfe. In kayanka na tagulla mai kyau ne, wani lokaci ko wuri ba za ka biya ba, tsohon ƙarfen ya biya maka.

Ina da tsohon ciki na fari Bukar ya zo. Babarbare ne daga Gidimuni, dogo, mai surutun tsiya, kuku ne a gidan wani Nasara a bariki. Ya zo rungume da wani abu cikin tsumma, ya buɗe a zaure, unguwa ta taru. Risho ne, murhun tagulla mai ƙafafu, ana ɗura masa kananzir a buga masa iska, sai ya kama gurnani yana fitar da wuta shuɗiya ba hayaƙi. Ba mu taɓa gani ba. Kansa ne ya tsage, wato inda wutar ke fita, wani dunƙule mai ƴan bututai lanƙwasassu. Nasara ya ba da sabon kai daga ma'aji, amma tsohon ya cije, ya ƙi fita. Maigidana ya gasa shi, ya lallaɓa, ya bubbuga, har ya kwance, ya ɗaura sabon. Da Bukar ya tambayi kuɗi, sai ya auna tsohon kan a tafin hannunsa, ya ji nauyi, ya ga launin tagullar, ya faɗi abin da bai taka kara ya karya ba. Bukar ya yi godiya ya tafi. Shi ma ɗan ƙasa ne, ko a ransa bai kawo cewa a ɗauki mataccen ƙarfe a koma da shi ba.

Na haihu, mace. Ranar suna da safe maigidana ya shigo ɗakin jego, abin da ba a saba ba, Inna tana harararsa. Ba mutum ne mai magana ba. Ya kama hannuna na dama, ya zura mini munduwa, ya matse bakinta da awartaki har ya haɗe. Ya ce, "Ƴar Dakusa, sannu da ƙoƙari," ya fita. Kan rishon nan ne ya narka. Wallahi ban taɓa ganin tagulla mai haske irin wannan ba, sai ka ce zinariya. Matan suna suka yi ta kama hannuna suna juyawa, ni kuwa kaina ya kumbura, ko ƙuda zan kora sai da hannun dama. Ina son munduwar nan, ba zan ɓoye ba. Ita ce abu na farko da wani ya ƙera domina ni kaɗai.

Ban yi arba'in ba Bukar ya dawo. Na ji sallamarsa a zaure, na ji kuma babu surutu a cikinta, amma ban kawo komai ba. Maigida ya ce a kawo ruwa. Na ɗebo a ƙwarya, na tsaya bayan asabari, na miƙa hannu kaɗai ta gefe kamar yadda aka saba. Hannun dama. Sai na ji wata murya da ban sani ba, Hausa a karye, ta ce, "Munduwa mai kyau." Na leƙa ta tsagar asabari, na ga jar hula da bulala. Gardin bariki ne, ɗan sandan Nasara. Gabana ya faɗi, ban ma san dalili ba tukuna.

Bukar ya ce, "Maigida, Nasara yana son tsohon kan risho."

Maigidana ya ce, "Wane tsoho? Wanda ya mutu?"

"Shi. Babbansu zai zo duba ma'aji. Wai duk sabon abin da aka fitar, sai an nuna gawar wanda ya gada. Kayan gwamnati ne, da ransa da mutuwarsa."

Gudumar ta daina ƙara. Na janye hannuna a hankali na cusa cikin zane. Na ji maigidana ya ce, da murya ko gezau, "Yana cikin tarkace. Sai na tona." Gardi ya shanye ruwan, ya ajiye ƙwarya, ya ce, "Alhamis. In babu, sata. Ɓarawo, igiya, ɗaukar sandar waya." Ya yi dariya, ya fita, Bukar ya bi shi kai a sunkuye.

Ni na san abin da ake nufi da sandar waya. Yayana da muke ciki ɗaya, daga gona aka ɗebe shi a Dakusa, aka sa shi a igiya tare da wasu, suka yi gabas da sandunan waya a ka. Wasu sun dawo kamar ƙirare. Shi ko rigarsa ba ta dawo ba. Shi ya sa da na ji kalmar, sai na zauna daɓas a tsakar gida, jaririya tana kuka, ni ban ma ji ta ba.

Da la'asar Bukar ya saɗaɗo shi kaɗai. Inna ta fito har zaure, ta manta da wata kunya. Ta ce, "Yo mene ne abin wahala? A cire munduwar a kai masa, a ce ga kayansa, a gaya masa haka al'adarmu take. Ko shi ba shi da tsofaffi a garinsu?" Bukar ya dafe kai. Ya ce, "Inna, ki rufa mana asiri. Kayan gwamnati a hannun matar maƙeri? Ai shi ke nan an kama ɓarawo da shaida. Kafin tafinta ya gama juya maganarki, ni da ɗanki muna cikin igiya ɗaya. Mutumin nan bai san al'ada ba, ƙidaya ya sani." Inna ta ce, "Tir! Mutum ya bi gawar ƙarfe kamar ta ubansa." Babu wanda ya yi dariya. Maigidana ya dubi toka, ya ce, "Bukar, yaushe yake barcin rana?" Bukar ya ce da ya ci abinci, sai rana ta karya yake tashi ya nemi kafe, wato gahawarsa. Maigida ya ce, "To kawo mini rishon in ya kwanta. Zan ƙera masa gawarsa."

Aka fara da hannuna. Wankan jego da kunun kanwa sun sa na yi ɓul-ɓul, munduwa ta nutse cikin nama, awartaki ya kasa shiga. Sai da magagari. Ya ɗora hannuna a kan gwiwarsa yana gogawa, bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba. Dab da za ta rabu magagarin ya zame ya yanke ni, jini ya zubo. Ya ce, "Sannu." Na ce, "Ci gaba." Ban yi kukan yankan ba. Da na ga an jefa ta cikin kasko tana narkewa, nan ne hawaye suka zo, na ce hayaƙi ne.

Ya sallami mai yi masa zuga, don bakinsa ba ya riƙe magana, ya ce wa unguwa zazzaɓi yake yi, ya rufe zaure. Ni na zauna a bakin zugazugi, goyo a baya, ga zafin bazara, ga zafin wuta, ga ƙofa a rufe. Inna ta zauna a waje da kaɗinta, duk wanda ya zo da tasa ko fitila ta ce ya dawo wani mako. Da rana ta take Bukar ya shigo da risho a cikin kwandon cefane, albasa a sama. Maigidana ya tsugunna gabansa yana auna kowane bututu da tsinke, yana karyawa daidai tsawonsa, yana danna ɗanyen yumɓu a gindin don ya ɗauki siffa. Bukar kuwa ya kasa zama. Ya leƙa inuwar katanga, ya dawo, ya sake leƙawa. "Maigida, inuwa ta motsa. Maigida, don girman Allah. In ya farka ba kafe, na mutu." Shi kuwa ko ɗaga kai bai yi ba, sai da ya gama. Bukar ya suri kwando ya fita da gudu, albasa tana zubewa a hanya.

Sai tagulla ta kasa. Abin da wuta ta ci da abin da magagari ya zubar tun ƙirar munduwa ya rage ta, kuma wadda ke cikin tarkacensa ja ce, launinta ba zai saje ba. Na share zauren nan kaf, na zuba ƙurar a faifai, na yi ta sheƙa da bakace kamar mai gyaran gero, har ƴan ƙwayoyi masu walƙiya suka taru a gefe. Duk da haka da saura. Inna ta shigo, ta dubi kasko, ta dubi ɗanta. Ta murɗe zoben da ke yatsarta, wanda tun da na zo gidan ban taɓa ganin ta cire ba, ta jefa ciki. Ta ce, "Ku yi sauri, kuna cika mini gida da hayaƙi," ta fita.

Maigidana ya zuba gindin a yumɓu. Sauran ya buge ta fale-fale, ya naɗe a jikin ƙusa ya yi bututai, ya lanƙwasa, ya liƙe da ɗan sinadarin da ya rage masa. Na farko ya fashe a wurin lanƙwasa, aka sake narkawa. Kowace sallama a ƙofa sai in tsayar da zuga in kasa kunne. Har ranar Laraba ta zo, da hantsi, ya ɗaga abin a bakin awartaki. Wayyo, kyau! Wallahi da an ɗaura shi a risho da ya kama wuta. Ya yi ta juya shi a hasken da ke shigowa ta tsagar ƙofa, na ga fuskarsa, na san a ransa bai taɓa yin aiki kamar wannan ba. Ga shi kuma babu wanda zai nuna wa.

Saura a kashe shi. Ya shata da gawayi inda tsohon ya tsage, ya ɗora kurfi, ƙarfen yankan nan, a wurin, ya ɗaga guduma. Ya sauke. Ya sake ɗagawa, ya sauke. Mutumin da tun tasowarsa gyara yake yi, hannunsa ya ƙi. Sai ya miƙo mini gudumar. Ya ce, "Ƴar Dakusa, taki ce. Ni zan riƙe, ke ki buga. Sau ɗaya, kada ki ji tausayi." Na tuna yayana. Na buga. Ya tsage daidai kan gawayin. Daga nan ya dagargaza gindin kamar yadda ya yi wa na farko wajen cirewa, ya gasa shi, ya turara a hayaƙin fitilar man gyaɗa, ya birkiɗa a toka, ya goge, ya sake turarawa, har ya koma baƙi ƙirin kamar ya shekara yana dafa abinci. Muka ce alhamdu lillahi. Inna ta karɓa, ba ta ma duba ba, ta kai hanci. Ta ce, "Af! Wannan ai ƙosai yake wari. Na Nasara warin man nan nasu yake yi mai hawa kai." Muka dubi juna. Da Bukar ya zo ganin aiki, aka mayar da shi da gudu, ya jiƙo tsumma da kananzir ya ɓoye a hula. A cikin tsumman abin ya kwana.

Ranar Alhamis gari ya cika da ƴan kasuwa. Maigidana ya sa rigarsa ta Juma'a, ya durƙusa gaban Inna ta dafa kansa. Ni ya ce mini, "In an ga ban dawo ba, akwai butar liman a ƙarƙashin buzu, an gama ta, a kai masa." Ka ji mutum! Yana fita na saɓa goyo na bi bayansa. Inna tana cewa, "Ke, mai jego, ina za ki?" ban waiwaya ba. Na tsaya nesa, a gindin wani dutse, inda nake hango ƙofar bariki. A gefen ƙofar akwai mutane zaune a rana, igiya ɗaya ta bi ƙugunsu. Na lura igiyar ta yi saura a ƙarshe, tana kwance a ƙasa. Idona ya kasa barin wannan saura. Maigidana ya shiga. Inuwar dutsen ta janye ta bar ni a rana, ban gusa ba. Jaririya ta yi kuka ta gaji ta yi barci. Duk addu'ar da na iya na karanta, wadda ban iya ba ma na ƙaga.

Sai ga shi ya fito, shi kaɗai, yana tafiya a hankali. Ya wuce mutanen igiya bai dube su ba, ya wuce ni ma kamar bai gan ni ba, sai da muka sha kwana ya jingina da katanga. Ya ce, "Wa ya ce ki fito?" Na ce, "Oho." Daga baya Bukar ya ba mu labari. Nasara ya ɗauki abin da yatsu biyu, ya juya, ya sa farce a tsagar, ya daɗe. Sannan ya kai hanci ya shinshina. Ya yamutsa fuska, ya jefa shi cikin wani akwati mai cike da matattun kaya, ya goge hannu, ya ce a kira na gaba. Shi ke nan. Babban nasu ya zo ya leƙa akwatin ya tafi, aka kwashe duka aka zubar a rami bayan bariki.

Bukar ne ya tono shi ya kawo, yana washe baki. Ya ce, "Maigida, ga shi, yanzu ba na kowa ba ne. Mayar wa amarya da munduwarta." Maigidana ya ɗaga hannu sama kamar an miƙo masa kunama. Ya ce ba zai sake taɓa shi ba. Ni na karɓa. Tun daga ranar, duk wanda ya kawo gyara, ko maƙwabci ne, sai ya ƙulle masa tsohon ƙarfensa a tsumma ya ba shi, ya kuma faɗi kuɗi cikakke. Mutane suka yi ta ƙorafi, wai maƙeri ya yi tsada, wai ya koyi halin bariki. Bai taɓa ba su amsa ba. Sannu a hankali sauran masu gyara suka bi, don ba shi kaɗai aka aika wa gardi ba. Ya so ya ƙera mini wata munduwar da azurfa, na ce a'a, hannun ya ƙoshi.

Na sa jikana ya jawo mini adudu daga ƙarƙashin gado. Na kwance tsumman, na ajiye abin kusa da ƙonannen ƙarfensa. Har yau in ka kai hanci akwai ɗan wari. Ya ɗauka, ya juya, ya sa farce a tsagar, ya ce, "Kaka, ai wannan ya mutu, ba ya gyaruwa. Me kike yi da shi?"

Na ce, "Sannu, gwani. A mace aka ƙera shi, bai taɓa dafa ko ruwa ba." Na miƙa masa hannuna na dama ya ga tabon. Na ce, "Ga abin da aka biya. Riƙe shi da kyau, kada ka yar mini. Ba don shi ba, da kakanka ya bi igiya, kuma a lokacin ko cikin ubanka ba a yi ba."